Murfin injin da Sixten ke bari a sake

Gunhild, ke da kike amsa wasiƙun masu karatu a jarida, don Allah ki taimake ni da shawara. Babu wanda zan faɗa wa maganar nan a ƙauyenmu ba ta riga ni isa shagon kofi ba.

Mijina Sixten yana da wata tsohuwar mota Volvo ja da ya saya tun kafin mu yi aure. Duk lokacin sanyi tana rumfar da ke bayan gidanmu, lulluɓe da bargon da ya fi nawa kyau. Da ƙanƙara ta narke sai ya fito da ita, ya bar injin ya huce sarai, da safe ya cire murfinsa ya daidaita bawul, wato 'yan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a cikin inji. Ni ce mai riƙe masa fitila tun ina amarya, shi ya sa na san aikin. Akwai 'yar tazara da ake bari a kan kowane bawul. Za a zura siririn ƙarfen awo, a sassauta noti, a yi ta murɗa sukuru har ƙarfen ya riƙa wucewa da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba a cije ba. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ne ke ji. In aka matse da yawa injin zai yi shiru kamar na kirki, alhali bawul na ciki yana ƙonewa.

To yatsun ne suka tafi, Gunhild. Sixten ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan itace a daji da injin zarto, girgizar ta kashe masa jijiyoyi. Maɓallin riga ma sai ya yi ta fama, in na miƙa hannu ya harare ni. 'Yan shekarun nan ina tsaye ina kallo yana tura ƙarfen da tsiya, ya matse tam, ya ce, “Yauwa, daidai ke nan.” Ranar farko na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda fuskarsa ke haske, sai na haɗiye abina.

Ga abin da nake yi. Da ya gama sai ya ɗauki karenmu Tusse su tafi zagayen tafki, ni kuma in naɗe hannun riga in sake aikin daga bawul na farko har na ƙarshe. Na ma yi sa'a ya fara mantuwa: murfin yakan bar notocinsa a sake, ƙarfen awo da sifana yashe a gefen mota. Mutumin da ya taɓa yi min fushin kwana biyu don na sa sukudirebarsa cikin cokula! Zagayen ma yanzu ba ya ƙarewa da wuri, wai kare ya tsufa. In ya dawo sai ya ɗaure murfi, ya tayar da mota, ya karkata kai ya ce, “Ji nan, tsohuwa, kamar keken ɗinki.” Da yamma maƙwabcinmu Bertil ya leƙo shan kofi da burodin kirfa, Sixten ya cika baki cewa motar gidan nan ba ta taɓa ganin makaniki ba. Ni dai ina ɓoye farcena ƙarƙashin tebur saboda baƙin mai.

Bana abin ya cuɗe. A watan Mayu za a yi min aikin ƙugu, likita ya ce sai na yi makonni ban sunkuya ba. Jikarmu Tuva kuma za ta yi aure a watan Yuni, ranar bikin tsakiyar bazara na ƙasarmu, ta ce kakanta ne zai kai ta coci a jar motar, hanyar kuwa duk hawan tudu ce. In ya yi aikin shi kaɗai, ina tsoron motar ta mutu da amarya a ciki, a gaban jama'a. In na faɗa masa gaskiya, na ƙwace masa abu na ƙarshe da yake jin har yanzu ya iya. Aikin daji ya bari, kamun kifi ya bari. Na yi tunanin in roƙi Bertil a ɓoye, na yi tunanin in ɗaga aikin asibitin. Wallahi ina son tsohon nan, ba na son in ga ranar da zai sunkuyar da kai a gabana.

Mai Riƙe Fitila, daga yankin Dalarna

Mai Riƙe Fitila,

Da farko, aikin ƙugu ba za a ɗaga shi saboda mota ba. Bertil kuma ki bar shi da kofinsa. Namiji zai iya jure matarsa ta san rauninsa, amma maƙwabci ya sani a bayan idonsa, wannan ciwo ne daban.

Ban ga laifinki ba. Ƙauna ce ta sa ki shiga baƙin mai har gwiwar hannu. Sai dai shi ma yana da haƙƙi: motarsa ce, jikarsa ce, kuma ba yaro ba ne da za a yi ta lallaɓawa.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali. In Sixten yana manta tukunya a kan wuta ko hanyar gida, ki kai shi wajen likita. Amma ba ki faɗi haka ba. Kin ce mutumin da ke fushi a kan sukudireba yana mantuwa safiya ɗaya tak a shekara, ya bar murfi a sake, ya ajiye kayan aiki daidai inda hannunki zai kai, sannan ya tafi ya daɗe. Wanda ya yi shekaru yana sauraron injin nan kuwa ya san bambancin aikin da ya bari da wanda ya tarar. Ba zan rantse miki ba, amma ina jin ya daɗe da sani. Ke kina rufa masa asiri, shi kuma yana tsaye bakin tafki cikin sanyi don kada ki ji kunya.

Ki yi aikin motar kafin ki tafi asibiti. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Da safe ki kai masa kofi rumfar, ki ɗauki ƙarfen awon a gabansa, ki miƙa masa fitila, ki gaya masa bana hannun naki ne, kunnen nasa. Kunnen nan bai tafi ba, kuma shi ne zai yanke hukunci in an tayar da inji. Zai iya ɗan kumbura. Ki ba shi lokaci, kada ki cika shi da ban haƙuri. In ya koma cika wa Bertil baki da yamma, ki bar shi, gaskiya yake faɗa: motar ba ta taɓa ganin makaniki ba.

Allah ya sa a yi aikinki lafiya, Tuva ta isa coci da kambin furanni na amarci a ka. Ki shafa min kan Tusse. Bana tsohon kare zai huta da dogon zagaye.

Gunhild