Baƙon da Kawu Ya Kawo

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Bayan haka, abin da kika yi mini ran Asabar bai yi mini daɗi ba. Na zo gidanki da baƙo, tsohon ɗalibina, wanda yanzu darakta ne a ma'aikatar tsara birni. Shi ya ɗauko ni a motarsa, ya ce yana so ya gaida 'yar da na rena har ta zama alƙaliya. Ko zama ba ki yi ba. Yana buɗe baki kika nuna masa ƙofa, ruwan da aka kawo ko taɓa shi ba mu yi ba. A hanya na rasa inda zan sa fuskata, sai haƙuri nake ba shi. In kujerar kotu ce ta koya miki haka, to ba ni na koya miki ba.

Naki,
Kawu

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. Ya ƙafar?

Kawu, baƙonka shi ya sa hannu a umarnin rushe rumfunan babbar kasuwa. 'Yan kasuwa sun kawo ƙara gabana. Hujjarsu ita ce majalisa ba ta taɓa yin dokar da ta ba ma'aikata wannan iko ba, ma'aikata kuwa aikinta zartar da doka, ba ƙirƙirarta ba. Nawa aikin in ɗora umarnin a kan tsarin mulki in ga ko zai tsaya. Na dakatar da rusau na ɗan lokaci, da niyyar ran Litinin in duba ko a tsawaita.

Ka tuna abin da ya fara faɗa a falona? "Maganar kasuwar nan ta dami minista." Kai a lokacin kana gyara zaman hularka.

Ran Litinin dole na faɗa a gaban kowa cewa wani ɗan'uwana ya kawo mini ɗaya daga cikin masu shari'ar har gida, don haka na janye. Ban ambaci sunanka ba. Dakatarwar ta ƙare ran nan, kuma ba a naɗa wani alƙali ba tukuna. Matan kasuwa sun cika benci, ban iya ɗaga ido na dube su ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kai ne ka zana mana duwatsun murhu uku a allo, ka ce majalisa, gwamnati, kotu, in aka matso da biyu wuri ɗaya tukunya ta kife. Ni a wurinka na koya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta takardarki, na ajiye, na sake ɗauka.

Duk shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi, ashe mota mai sanyi da "Malam, kai ka yi mu" sun isa su mantar da ni. Daɗin girmamawa na ji, ban tambaye shi komai ba.

Jiya na je kasuwa wurin telana, akwai rigata da na ba shi gyara. Duk layinsu an shafa wa ƙofofi jan fenti, alamar rusau. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Malam, mun ji wani marar kunya ne a dangi ya ja wa 'yarka. Allah ya isa tsakaninmu da shi." Maƙwabtansa suka ce amin. Ni ma na ce amin, Auta. Na fito ban ko tambayi rigar ba.

Na kira daraktan, bai ɗauka ba. Ina so in je gaban sabon alƙali in rantse in faɗi abin da ya faru, da sunana. In hakan zai ƙara ɓata miki suna, ki gaya mini in san yadda zan yi. Ki yafe mini takardata ta farko, in da hali ki yaga ta.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba ni da bakin cewa ka je ko kada ka je, shari'ar ba a hannuna take ba.

Sabon alƙali ya zauna yau, ya sake dakatar da rusau. Amma an riga an rushe layin teloli tun shekaranjiya. Telanka ya tare ni a ƙofar kotu da rigarka a leda, ya ce ita ya fara fitarwa kafin keken ɗinkinsa, don kada Malam ya rasa ta fita. Ya ce a gaishe ka.

Tana nan a falo. Ka zo ka karɓa, kai kaɗai.

'Yarka,
Auta