Iska ta Koma Birki

Samaru, Laraba da dare, 1976

Ni da ƙanena Garba muka wuni muna fitar da iska daga birkin akori-kurata. Ina ƙarƙashi ina sassauta noti, shi yana takawa. Na ce kada ya ɗaga ƙafa sai na ɗaure. Sai ga surukinsa zai wuce. Garba ya saki birki, ya diro ya durƙusa. Iska ta koma, man birki ya ƙare.

Da na yi masa faɗa, sai ya ce, "Haba Yaya, a zaune zan gaishe shi?"

Gobe zan kai wasu mata biki Dogarawa. Birkin wani lokaci ya kama, wani lokaci ya nutse. In kai su, ko in fasa in ji kunya?