Sabis ɗinku ne ya yanke mini jarrabawa, ku ba ni zama na biyu

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin intanet da nake yi wa aiki, ofishin Sakkwato.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Sanusi, ni ne mai kula da turakunku na sabis daga Bodinga har Shagari. Na rubuta a fili ne domin takardun da na aiko ta ofis ba su samu amsa ba, ga shi ƙarshen wata ya matso. A ƙarshen watan ne kuka ce za a sallami duk wanda bai kawo satifiket na haɗa na'urori ba.

Na farko, ban raina satifiket ɗin nan ba. A da na raina shi, ina cewa takarda ba ta hawa turke. Wata rana na yi karambani a cikin saitin na'ura, na jefa garin Danchadi gaba ɗaya cikin duhun sabis har kwana biyu. Na sauya waya, na sauya batir, na sha rana a banza. Injiniya Hadiza ta ofishinku, wadda ta yi karatun, ita ta gano ɓarnar ta wayar tarho kafin shayina ya huce. Na ji kunya ƙwarai, kuma tun ranar na kama karatu, ina haddace darasi a gindin turke kamar ɗan firamare, ga furfura a gemu.

Na biyu, da lokacin jarrabawa ya zo, na nemi izinin kwana ɗaya in je Sakkwato in zauna inda sabis ke da ƙarfi. Shugaban sashenmu ya ce babu wanda zai riƙe mini turaku, in yi ta a gida, ai da kwamfuta ake yi. Ranka ya daɗe, ka san sharaɗinta: ana kallon mutum ta kyamara, kada ya waiwaya, kada kowa ya shigo, kuma idan sabis ya yanke an soke ta. Na tura iyalina gidan surukai. Na roƙi maƙwabcina mai injin niƙa ya kashe injinsa, ya kuwa kashe, mata suna tsaye da kwanukan gero suna yi mini addu'a.

Na wuce rabin tambayoyi, kuma wallahi ina ganin haske, sai hoton ya tsaya cik. Ban ko tambayi dalili ba, na san shi. Turken Horo Birni yana kan hanyar shanu. Suna son soshe jikinsu da wayar ƙarfen da ke riƙe da shi, in suka girgiza ta farantin kama sabis da ke saman turken ya goce kaɗan, Shagari ta rasa sabis. Na hau babur na je na tarar da su a kai. Dattijon da ke kiwon ya dube ni ya ce, "Malam Sanusi, wanga ƙarhe ya hi icce daɗin susa, mi za mu yi musu?" Na hau na daidaita farantin, hawaye na zuba. Kafin in sauko, saƙon soke jarrabawa ya shigo wayata ta sabis ɗin da na gyara.

Na uku, shingen da zai kare wannan waya na sha roƙonsa a rubuce, takardun suna ofishinku. Ba a yi shinge ba, ba a ba ni izinin tafiya ba, yanzu kuma an rubuta a fayil ɗina cewa na faɗi. Ban faɗi ba, ranka ya daɗe. Da na faɗi da na yi shiru.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ɗaga mini wa'adin har in sake zama. A ba ni kujera ɗaya a ofishinku na Sakkwato ranar jarrabawar, a turo wanda zai tsaya a Horo Birni na yini guda. In na faɗi a nan, ku sallame ni, ba zan ce uffan ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ba ni da gona, ba ni da garke, wannan aikin kaɗai na iya, kuma a shekaruna babu mai ɗaukata ba takarda. Mahaifiyata tana ɗakina, kullum da safe sai ta tambaye ni ko sakamako ya fito, ni kuma in ce mata ana jira. Na gaji da yi wa tsohuwa ƙarya. Don Allah ku ba ni abin da zan gaya mata kafin wata ya mutu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya kare ka daga ranar da za ka roƙi abin da ya kamata a ba ka ba roƙo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sanusi, Shagari.