Na Ɓoye Ciwon Suga, Yanzu Za A Raba Ɗana Da Nono

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro ya hana ni sakat.

Ni 'yar Kebbe ce, ina aure a Tambuwal. Ina da ciki wata shida aka gwada ni wajen awo aka ce ina da ciwon suga na masu ciki. Da na je goyon ciki gida, Innata ta ce in ja bakina in yi shiru, dangin miji suka ji za su ce ciwon gado muka kai musu. Na bar sukari na koma zuma da dabino, a wautata ai su ba suga ba ne. Ban koma asibiti ba sai ranar haihuwa.

Yanzu yaron wata huɗu, kumatunsa da bayan gwiwarsa sun bushe sun yi ja, yana susa har jini, sai da na sa masa safa a hannu. Na kai shi asibiti a ɓoye, likita ta ce kirci ne, ta tambaye ni ko na yi suga da cikinsa. Na ce mata eh. Ta ce ana ganin akwai alaƙa amma ba tabbas, ta ba ni man shafawa, ta ce kada in kuskura in daina ba shi nono.

To surukata, Hajiya, ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Ta ce, "Nonon ga ya ɓaci, shi ka ƙone mai jiki." Ta ce tun zamanin da aka yi Jihar Sakkwato haka suke gwadawa, ba ta taɓa kuskure ba. Ranar Juma'a za ta tafi da yaron Sanyinna a koma ba shi madarar shanu. Maigidana ko a mafarki ba ya musu da ita.

In na kawo maganar likita, katin asibitin zai fito, suga na rubuce a ciki, na tona wa Innata asiri. In na yi shiru a ɗauke shi. Yanzu haka yana kan cinyata yana sha, bai san saura kwana uku ba. In miƙa katin, ko in miƙa ɗana?