Famfon Alhaji ya fara jan mutane, kuma ni na jawo

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni mai aikin wuta ne a Gyadi-Gyadi. Akwai wani Alhaji a Tarauni, aminin mahaifina, da ya haƙa bohol ya fito da famfo waje sadaka. A nan unguwa ke ɗiba, a nan ake alwala. Watan jiya ya kira ni, wai da an kunna sumo, injin da ke turo ruwa daga ƙasan bohol ɗin, sai wutar gidan ta ɗauke. Ina zuwa na ga birekar nan ce mai gane yoyon wuta take faɗuwa. Aikinta ke nan: in wutar da ta tafi ba ta dawo daidai ba, wata ta zurare ke nan, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ta yanke nan take. Ma'ana sumon ne ke yoyon wuta, sai an zaro shi daga rijiya. Na duba wayar ƙasa, wadda ke kwashe irin wannan wutar ta kai ta ƙarfen da aka binne, na tarar masu shimfiɗa intalok sun datse ta.

Ranar Juma'a ce, mata sun yi layi da jarkoki. Alhaji ya ce, "Kai ɗan nan, mutane na jira. Ko abin ya fi ƙarfinka ne in kira wani?" Maganar ta ƙona ni. Na buɗe akwatin wutar, na zagaye birekar da guntuwar waya yadda wuta za ta wuce ba ta bi ta cikinta ba, na bar ta a wurin kamar tana aiki. Ruwa ya zubo, Alhaji ya yi ta sa mini albarka. Wace irin albarka ce wannan?

Shekaranjiya na wuce ta wurin, na ji wani mai ga-ruwa yana dariya yana cewa, "Famfon Alhaji ya koyi cizo, sai ka sa silifa." Wani dattijo kuwa yana tsugune, ƙafa ba takalmi, yana alwala a jiƙaƙƙen siminti. Na gaishe shi na wuce.

Hadari ya fara haɗuwa a garin nan. In ƙasa ta jiƙe, silifa ba zai tare komai ba. Gyaran ba ya ɓoyuwa, sai an kashe sumo an tone intalok, dole Alhaji ya san abin da na yi, mahaifina ma ya ji. In na yi shiru kuma, wa zai riga taɓa famfon?

Jama'a, me zan yi?