Idon Yayana Ya Mutu, Ni Kuma Ake Kira Butulu

Anti mai shawara, sallama gare ki. Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin na san bakina, idan ya buɗe ba ya tsayawa sai ya yi ɓarna.

Ni mai walda ne. A shagon yayana na tashi, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Makaranta ban yi nisa ba, ɗan karatun nan da kike gani ni na ƙwato wa kaina, daga tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kayan aiki a ciki har zuwa littattafan gwanjo. A haka na ga ana neman masu walda a wani wurin gyaran jiragen kamun kifi, a wani birni na bakin teku. Na je, suka ba ni ƙarfe, na haɗa, suka buga da guduma, suka ce in fara farkon wata mai zuwa. Na samu ɗaki tare da wani abokina. Na sayi takalmin aiki, na shafe kayan aikina da mai saboda an ce iskar can gishiri gare ta, tana cin ƙarfe. Jakata a ɗaure take. Ko in ce da a ɗaure take, yanzu tana ƙarƙashin gadon Umma, ta ce ba ta haifi ɗa don ruwa ya cinye ba. Na ce mata a kan tudu zan yi aikin, ta ce ai ruwan ma yana hawa tudu.

Na Umma mai sauƙi ne, tsoro ne. Ga inda matsalar take.

Yaya ba ya gani sosai. Wutar walda ce ko wani ciwo ne, ban sani ba, tunda ya ƙi asibiti. Layin alli a jikin ƙarfe ba ya ganinsa, lambar tef ɗin awo kuwa ba a magana. Ni kaɗai na sani, kuma ya sa na yi masa alkawarin ba mai ji daga bakina, har matarsa. Sai muka ɓullo da wata dabara. Idan mai kawo aiki ya zo, Yaya zai ja tef ya ɗora a kan ƙarfe, ya ɗaure fuska ya ce da ni, "Kai, nawa ne nan?" Ni kuma in faɗa da ƙarfi, shi ya gyaɗa kai kamar malamin da ke gwada ɗalibi. Wani lokaci har ya ƙara da "Sake dubawa, sakarai," don abin ya zauna. Idan mutum ya tafi, ni zan yanka, ni zan haɗa, shi ya bi da babban yatsa yana shafawa.

To Anti, duk unguwa sun ɗauka gaske ne. Ga ni da gemuna, amma an san ni a matsayin wanda har yau ba a yarda ya yi awo shi kaɗai ba. Mai shayin bakin layi ma "Nawa-ne-nan" yake kirana. Na haɗiye, don ɗan'uwana ne.

Da maganar tafiya ta fito sai gida ya kama da wuta. Matar Yaya ta ce wanda bai iya karanta tef ba shi ne zai gyara jirgi, Allah ya ji ƙan masu shiga. Baffanmu ya ce ni butulu ne, an koya min rabin sana'a zan gudu da ita. Duk wannan a gaban Yaya ake yi, yana zaune yana kallon ƙasa. Kalma ɗaya bai ce ba. Ko "ku bar shi" bai ce ba. Wannan shirun ya fi zagin ƙona min rai.

Makon jiya na fita neman tikitin mota, na dawo na tarar ya haɗa ƙafar tankin ruwa shi kaɗai, wai yana gwada kansa. Waldar ta zame gefe, mahaɗar ba ta kama ba. Tanki ne da za a ɗora a tsakar gidan mutane, yara na wasa a ƙarƙashi. Na ɗauki injin yanka na warware na sake. Yana jin ƙarar injin, ya san me nake yankewa, bai ɗago ba.

Yanzu Baffa ya kira zama ranar Asabar, wai a ja min kunne. Wallahi raina yana raya min in ɗauki tef in miƙa wa Yaya a gaban kowa, in ce shi ma ya faɗa mana nawa ne nan. Shi ke nan na wanke kaina. In kuma na yi shiru na tafi, ni ne butulu har abada, shagon ya mutu, ko wani ya ji rauni. In na zauna, na binne kaina da rai. Wanne zan ɗauka?

Ƙanin mai walda

Ƙanena, amin wa alaikas salam.

Da farko ka ajiye tef ɗin nan. Idan ka miƙa masa a gaban Baffa da matarsa za ka wanke sunanka, amma daga ranar ba ka da yaya. Kai ma ka san haka, shi ya sa ka rubuto min maimakon ka jira Asabar.

Fushinka yana kan hanya. Ka ba da sunanka aro don ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, da aka zo yagar ka bai tare maka ba. Bai kyauta ba. Amma ka duba daga inda yake zaune. Mutumin da ya ciyar da gida da idonsa yana ji idon na tafiya, yanzu kuma wanda yake gani a madadinsa ya ɗaure kaya. In ya buɗe baki ya kare ka, dole ya faɗi dalili. Ba raini ne ya rufe masa baki ba, tsoro ne.

Tafiya dai ka tafi. Zamanka ba zai dawo masa da gani ba, sai dai ya ƙara jinkirta zuwa asibiti. Amma ba za ka tafi ka bar abin yadda yake ba. Alkawarin da ka ɗauka na rufa masa asiri ne, bai haɗa da barin tanki ya faɗo wa 'ya'yan mutane ba.

Ka same shi kafin zaman, ku biyu, a rufe shago. Kada ka fara da abin da aka yi maka, ka fara da ƙafar tankin. Ka gaya masa a fili cewa tafiyarka babu fashi, kuma ba za ka bar garin ba sai Umma da matarsa sun sani. Ya zaɓa, ko ya faɗa da bakinsa kana gefensa, ko kai ka faɗa musu su biyu kaɗai. Baffa da sauran jama'a ba dole ne su ji ba. Ka kai shi asibitin ido da kanka a cikin makon nan. Ni ba likita ba ce, amma ba kowane ciwon ido ba ne ba shi da magani, kuma ɓoyewa ba ta taɓa warkar da ko ɗaya ba. Ku nemo gwanin walda ya riƙe wuta, Yaya ya riƙe suna da masu kawo aiki. In lokaci ya ƙure, ka roƙi masu sabon aikin su ɗan ɗaga maka ƙafa.

Ranar Asabar kuma ka saurari Baffa, ka ce ka ji, ka nemi addu'a. Zai yi maka ɗaci, na sani. Mai yiwuwa ka hau mota wasu suna nan suna kiran ka butulu. Ka bar su. Wanda ya kamata ya san gaskiya ya fi kowa saninta, kuma idan ka bar masa mutuncinsa, wata rana shi zai faɗe ta da bakinsa.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya sanyaya zuciyar Umma, ya kai ka lafiya ya sa ka fara a sa'a.