Tsumman Kwarashin Inna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kafin in tsani abin da na fi so a rayuwata.

Shekarata arba'in da ɗaya, ina aiki a ɗakin ajiyar fayil na wani ofis. Ina da littafi da nake rubuta abin da na yi kullum, ko da ban yi komai ba. A cikinsa na ga cewa a wata biyu na saƙa layi sittin da huɗu a bargon Inna, na warware hamsin da tara.

Inna mahaifiyata ce. Ita ta fara bargon, shuɗi irin na sama bayan an ɗauke ruwa, ta kai rabi idanunta suka dushe. Yanzu autarmu tana da ciki wata bakwai, Inna kuma ta ce tunda ba za ta ga jaririn ba, tana so ta shafa shi a cikin bargon. Sai ta ba ni kwarashinta, siririn ƙarfen da ta koya mini saƙa da shi. Na tarar da wani tsumma naɗe a jikinsa, ya yi baƙi, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Na kwance shi na wanke, na ninke na sa a tsakiyar littafina, don ƙarfen ya fito fes kamar yadda na san shi ina yarinya.

Matsalata hannuna ne. Kafin in gama layi biyu gindin babban yatsana ya ɗauki zafi, ya hau har wuyan hannu. Jiya murfin kwalba ya gagare ni. Maigidana ya sayo mini kwarashi mai ƙaton mariƙi na roba, na gwada, zafin ya ragu, amma saƙar ta fito sako-sako, ba irin ta Inna ba. Na jefa shi cikin durowa kamar na yi sata. Autar kuwa dariya take mini, wai in dai ni ce, sai jikan ita autar ne zai rufa da bargon.

Da la'asar nake zama kusa da taga, rana ta kwanto kan zaren. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ga bargon ya yi ta faɗi har ya zama tafki, Inna tana tafiya a kansa da ƙuruciyarta, zare yana bin ta a baya, ni kuma ina bakin ruwa ba ni da hannu. In na farka sai in kai wa Inna saƙar, ta bi layin da yatsa a hankali, ta ce, "To, ci gaba." Shi ke nan. Ni kuma in koma ɗaki in warware, don ina jin ba ta gamsu ba. Ban gaya mata ciwon ba. Wataƙila ni ce raguwa. Ita ta yi shekara hamsin da wannan ƙarfen, ban taɓa jin ta yi kuka da hannu ba.

In haƙura da zafin in gama da kwarashinta, ko in ɗauko na roba in ɓata mata aiki?

Mai Ƙirga Layi

Ƙanwata,

Na fahimci dalilin da ya sa ƙarfen nan yake da daraja a wurinki, kuma gaskiya ne sauya kwarashi yana sauya saƙa. Amma hannun nan da shi kike cin abinci, da shi za ki ɗauki jaririn. Ki je asibiti a duba shi a makon nan.

Kafin nan, ki riƙa saƙa ta minti goma sha biyar, ki huta, ki sa hannu a ruwan ɗumi. Ki ɗora matashi a cinya ya tallafi gwiwar hannunki. Akwai zobe mai 'yar ƙugiya da ake zura zare a ciki, yana hutar da yatsu. Ki tambayi masu sayar da kayan saƙa. Na maigida ma a fito da shi daga durowa, ba laifin da ya yi. In saƙarsa ta saki, ki nemi mai ƙaramin baki da irin wannan mariƙin. Dunƙulen zaren kuwa ki ba Inna ta riƙe tana sako miki, ku zauna tare a tagar.

Warwara kuma na hana. "Ci gaba" ta ce miki, ke kika ƙara sauran.

Yanzu ki buɗe littafinki. Kin ce ba ki taɓa jin ta yi kuka da hannu ba. Ƙanwata, mace ba ta naɗa wa kwarashi tsumma har kaurin yatsa biyu don ado. Hannunta ya yi ciwo kamar naki, ta yi wa kanta mariƙi, ta miƙo miki tare da maganin, ke kuma kika wanke shi kika adana. Ki kai mata ƙarfen da tsumman, ki gaya mata gaskiya, ki ce ta naɗa miki. Wannan aikin ba ya bukatar ido.

Allah ya ba ki lafiya, ya sauki autarku lafiya, ya sa Inna ta shafa jikanta a cikin shuɗin nan.

Anti